Hoto Ɗaya Kowace Rana: Amfaninsa Ga Manoma Da Masunta

A da, ɗaukar hoto sai da dalili. Mai hoto yakan zo ƙauye ranar Salla, ko ranar biki, ko ranar suna. In ya ɗauka sai ya tafi birni ya wanko fim, bayan kwanaki mutum ya ga hotonsa. Kowane hoto kuma da kuɗinsa. Yanzu abin ya sake. Wayar hannu mai ɗaukar hoto ta shiga ƙauyuka. Daga Bagudo zuwa Ka'oje, daga Illo zuwa Lolo da Tsamiya, da wuya a rasa mai irin wannan waya a unguwa. In dai akwai caji, hoto ba ya cin ko kwabo.

Yawancin hotunan da ake ɗauka na nishaɗi ne, kuma wannan ba laifi ba ne. Amma akwai wata hanya da hoto zai yi wa mutumin karkara aiki. Hanyar ita ce ɗaukar hoto ɗaya kowace rana, na abu ɗaya, daga wuri ɗaya.

Inda Abin Ya Samo Asali

A ƙasashen Turawa wasu sun daɗe da mai da wannan aiki abin sha'awa. Wani Ba'amurke mai suna Jamie Livingston ya fara ɗaukar hoto ɗaya kullum a watan Maris na 1979. Ya ci gaba har ranar da ya mutu, a watan Oktoba na 1997. Ya bar hotuna fiye da 6,000. Wani kuma mai suna Noah Kalina ya fara ɗaukar fuskarsa kullum a shekarar 2000. A 2006 ya jera hotunan suna bin juna da sauri kamar majigi. Mai kallo sai ya ga shekaru shida sun wuce a fuskar mutum cikin minti shida.

Darasin da ke nan shi ne, ido ba ya ganin canjin da ke zuwa a hankali. Uwa ba ta ganin girman ɗanta, sai baƙon da ya daɗe bai zo ba. Hoton kullum yana tara wannan canji, ya ajiye shi, har ranar da za a bukace shi.

Kogin Kwara Da Cikarsa Biyu

Mutanen ƙaramar hukumar Bagudo suna da abin da ya fi fuska cancantar a sa masa ido, watau kogin Kwara. Wannan kogi ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini. Ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Nijar da Benin, sa'an nan ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi.

Kogin yana cika sau biyu a shekara. Cika ta fari tana zuwa ne da damina, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan sama ne na nan kusa, mai ɗauke da laka, shi ya sa masana ke kiransa farin ruwa. Shi ne ya fi kawo ambaliya. Cika ta biyu tana zuwa da sanyin hunturu, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ruwan Gini ne. Yakan yi watanni a hanya, domin yana bazuwa cikin fadamun Mali kafin ya taho. Lakarsa ta riga ta kwanta, saboda haka ake kiransa baƙin ruwa.

Babu wanda ya manta ambaliyar 2012 da ta 2020. A 2020 ruwa ya cinye dubban kadada na shinkafa a Jihar Kebbi, kuma Bagudo na cikin wuraren da abin ya shafa. To amma in aka tambayi mutane ranar da ruwa ya fara hawa a waccan shekara, ko kwana nawa ya yi kafin ya kai bakin gari, kowa da abin da zai faɗa. Wani ya ce mako biyu, wani ya ce kwana biyar.

A nan ne hoton kullum yake da rana. A kafa turke mai ƙarfi a bakin kogi, ko a zaɓi bishiya ko dutsen da ruwa ba zai ture ba. A ja layuka da fenti a jikinsa, tsakanin layi da layi kamu ɗaya. Kowace safiya a ɗauki hotonsa. In ruwa yana hawan rabin kamu a kwana uku, sai ga shi ya hau kamu guda a kwana ɗaya, to lokacin kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu ya yi. Bayan shekara biyu ko uku, gari zai san layin da in ruwa ya taɓa shi, gonakin fadama sun shiga haɗari. Masunci ma zai iya gwada yawan kamun kifinsa da hawa ko janyewar ruwa.

Gona Ma Haka

A 2016 wata cibiyar binciken abinci ta duniya mai suna IFPRI ta yi gwaji da manoman alkama a jihohin Punjab da Haryana na ƙasar Indiya. Kowane manomi yana ɗaukar hoton gonarsa a kai a kai, daga shuka har girbi, yana tsayawa a wuri ɗaya. Masana suka duba hotunan, suka gane gonakin da suka yi asara, aka biya masu su kuɗin inshora. Hoto ya zama shaida.

Manomin shinkafa, ko albasa, ko masara zai iya yin haka don amfanin kansa. Ga misali, tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, tana fara ɓarna ne da ƙananan huji a ganye. In manomi ya nuna wa malamin gona hotunan kwana goma a jere, malamin zai ga ranar da abin ya soma da saurin yaɗuwarsa. Shawararsa za ta fi dacewa. Haka nan in ambaliya ta ci gona, hoton da ya nuna shinkafa tana tsaye jiya, yau kuma ruwa ya shafe ta, ya fi dogon bayani. Hoto ba alkawarin samun taimako ba ne. Amma idan jami'an ba da agajin gaggawa suka zo ƙidayar asara, mai shaida a hannu ya fi mai rantsuwa da baki. Gani ya kori ji.

Yadda Ake Yi

1. A zaɓi abu ɗaya: bakin kogi, ko gona, ko rijiya, ko ragon da ake kiwo.

2. A sa alama a inda za a riƙa tsayawa, kamar dutse ko turke. Kullum a tsaya nan, a fuskanci waje ɗaya.

3. A riƙe lokaci ɗaya. Da hantsi ya fi, kuma rana ta kasance a bayan mai ɗauka, don kada hoto ya yi duhu.

4. A tabbata kwanan wata da agogon waya daidai suke, domin waya tana ajiye ranar da aka ɗauki kowane hoto.

5. A sami ƙaramin littafi. Kullum a rubuta kwanan wata da layi ɗaya, kamar haka: "12 ga Satumba. Ruwa ya kai layi na huɗu." Ga ɗan ajin yaƙi da jahilci, wannan bitar rubutu da lissafi ce ta kowace rana.

6. A ƙarshen kowane wata a tura hotunan cikin memori, ko wayar wani amintacce. Waya tana ɓacewa, tana kuma faɗawa ruwa.

7. In an yi fashin kwana ɗaya ko biyu, kada a karaya. A ci gaba. Mutum biyu ko uku za su iya karɓa-karɓa, musamman 'yan ƙungiyar manoma ko 'yan aji ɗaya.

A Yi Hattara

Bagudo ƙasar iyaka ce. Kada a ɗauki hoton shingen kwastan, ko na jami'an shige da fice, ko sojoji da 'yan sanda, a ɓangaren Nijeriya ko na Benin. Yin haka yana iya jawo tuhuma da ƙwace waya. Kada a ɗauki hoton mutum sai da izninsa, balle matan aure da masu wanka a bakin ruwa. Kada a aiki yaro bakin kogi lokacin cika. In ruwa ya yi ƙarfi, a ɗauka daga nesa, ko a haƙura. Rai ya fi hoto.

Har wa yau, hoton turke ba ya maye gurbin sanarwar hukuma. Idan aka yi gargaɗin ambaliya a rediyo, ko ta bakin hakimi da mai gari, a bi shi nan take, ko da turke bai nuna kome ba tukuna. Ruwan da ya taso daga nesa ba ya sallama.

Aikin ba ya wuce minti biyu a rana. Hoton yau shi kaɗai ba zai nuna wani abu ba, haka na gobe. Amma a shekara za a tara hoto 365, da littafi cike da rubutun hannun mai shi. Hausawa sun ce yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. Mai son gwadawa ya kafa turkensa tun kafin ruwan fari ya sauka. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyashe mu da ambaliya, amin.