Ƙaramar Mota Mai Zafin Gudu

Cikin shekarar 1976 kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ya fito da wata ƙaramar mota mai suna Golf GTI. Sifarta irin ta Golf ɗin nan ce da muka saba gani tana jigilar fasinja, watau mai ƙofa a baya wadda a kan ɗaga a zuba kaya. Amma injinta ƙarfin doki 110 gare shi, nauyinta kuwa bai kai kilo 900 ba, saboda haka ta kan wuce mil 110 cikin awa guda. Guda 5,000 kaɗai aka yi niyyar ƙerawa, sai masu saye suka yi mata ca, gama gudun da a dā sai mai dukiya, ga shi ya zo hannun mai albashi. Cikin 1984 Peugeot suka bi sawu da 205 GTI.

To, akawu ko malamin da ke sha'awar irinta, muna ba shi shawara ya lissafa kuɗin mai da taya da birki tun bai ci bashi ba, don gudu shi ke cinye su. Kuma cikinta ƙasa-ƙasa ya ke, ba ta son gargada. In Allah ya ba shi, lalle ya riƙa sassautawa wajen kasuwa da ƙofar makaranta.