Masu Tsaron Ƙasar Noma: Darasi Daga Karkarar Gezawa

Duk wanda ya bar birnin Kano ya kama hanyar Gumel, da zarar ya wuce Jogana zai lura da wani abu game da karkarar Gezawa. Gona tana manne da gona, ba a ganin saura ko daji, amma kuma ko'ina ido ya kai sai ya sauka kan itace: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya da darbejiya. Hatta sunayen wasu mazaɓun ƙaramar hukumar, kamar Gawo da Tsamiya Babba, daga itatuwa aka samo su. Ƙidayar 2006 ta nuna mutane kimanin 282,000 ne ke zaune a wannan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 340, wato fiye da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita ɗaya. A bisa zaton mutane da yawa, wurin da jama'a suka yi cunkoso haka ba zai bar itace a tsaye ba. To, su wane ne ke tsaron waɗannan itatuwa, kuma mene ne aikin kowannensu?

Tsari iri biyu

Idan aka ce ƙasar da aka keɓe don kariya, abin da ke fara zuwa a rai shi ne irin Dajin Falgore da ke kudancin Jihar Kano. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji. A irin wannan wuri doka ta hana noma da farauta da saran itace, kuma akwai shugaban gandu da masu gadi da ke sintiri a kan iyakokinsa.

Amma masana sun san wani tsarin na daban. A shekarar 1994 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta kasa wuraren kariya gida shida. Kashi na biyar shi ne ƙasar da mutane ke zaune a cikinta, suna noma da kiwo, wadda kyanta da albarkarta suka samo asali daga daɗewar hulɗar mutanen da ita. Manyan wuraren shaƙatawa na karkarar Ingila irin wannan ne, domin cike suke da gonaki da garken tumaki. Babu wata doka da ta sa Gezawa cikin wannan jeri, sai dai siffarta ta yi daidai da shi. A irin wannan ƙasa shinge da bindiga ba su da wani tasiri. Abin da ke aiki shi ne jerin mutane, kowa da nasa nauyi.

Manomi da iyalinsa

Ma'aikaci na farko ba ya karɓar albashi. Manomi ne, lokacin sharar gona da noman firi, yake yanke shawarar tsiron da zai bari da wanda zai cire. Yana barin gawo saboda ya san halinsa: yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero da dawa hasken rana, sannan ya yi ganye da rani sa'ad da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Kimiyya ta ƙara bayani cewa a saiwar gawo akwai ƙananan halittu da ke ɗebo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Ɗorawa tana ba da kalwar daddawa, kuka tana ba da miya, tsamiya tana shiga kunu. Mata da yara, waɗanda su ne ke tara waɗannan 'ya'ya da ganye, su ne kuma ke fara gane itacen da ya soma gazawa.

Manomin Gezawa ba ya kayar da itace mai rai don girki. Rassa yake sassarewa, itacen ya sake toho. Haka kuma yana ɗaure awaki da tumaki a gida da damina, ya ciyar da su harawa da karmami da rani, ya kwashe takinsu zuwa gona. Tun da daɗewa ake kuma ɗauko sharar birni a kan jakuna don ƙara wa gona ƙarfi.

Masu sarauta

Itacen da ke kan iyakar gonaki biyu, na wane ne? Idan magada sun raba gona, ko an jinginar da ita, wa zai ci ɗorawar da ke tsakiyarta? A al'adar ƙasar Hausa sau da yawa mallakar itace daban take da mallakar ƙasar da yake tsaye a kai. Irin waɗannan matsaloli gaban mai unguwa ake fara kai su, in sun gagara a je wurin dagaci, daga nan sai hakimi. Su ne kuma, tare da arɗo, ke lura da burtali, wato hanyar shanu da ake yi wa shinge da aguwa ko bini-da-zugu. Ranar da wani ya cinye burtali da garma, ranar ce aka shuka rigima tsakanin manomi da makiyayi. Wannan aiki na sulhu yana da alaƙa ta kai tsaye da kimiyyar muhalli, domin mutum ba ya renon itacen da ba shi da tabbacin shi ko ɗansa ne zai amfana da shi.

Malamin daji

A zamanin En'e, bisa dokar daji ta 1937, an keɓe dazuzzuka, an kuma hana saran wasu itatuwa masu amfani sai da izini. Malamin daji da masu gadinsa su ne ke tabbatar da wannan doka. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aikin ya rabu tsakanin sashen gona na ƙaramar hukuma da ma'aikatar jiha. Malamin daji shi ke duba itacen da aka nemi izinin sarewa, ya bincika lodin itace da gawayi a kan hanya, ya kai rahoton gobarar daji. A ƙarƙashinsa akwai masu renon dashe, waɗanda ke cika leda da ƙasa da taki tun cikin rani, su shuka iri, su yi ta ban ruwa har dashen ya isa rabawa idan damina ta kankama. Irin waɗannan ma'aikata ne suka kafa shingayen itatuwa masu tare iska a yankin Dambatta.

Darasi daga Maraɗi ya nuna iyakar ƙarfin wannan ma'aikaci. A Jamhuriyar Nijar an daɗe ana ɗaukar itace a matsayin dukiyar gwamnati, ana cin tarar manomi idan ya sare reshe a gonarsa. Saboda haka manoma suka riƙa tuge tsiro tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo musu tara. Daga 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara ƙarfafa wa manoman Maraɗi gwiwa su riƙa gyara tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, dabarar da aka sa wa suna sassaben zamani. Da ma'aikatan daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai abin ya bazu. Masana sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai hekta miliyan 5. Ke nan malamin daji ya fi amfani a matsayin mai ba da shawara bisa ga mai rubuta tara.

Malamin gona da malamin dabbobi

Hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, wato KNARDA, ita ce ta baza malaman gona a ƙauyuka tun farkon shekarun 1980. Malamin gona shi ne gada tsakanin ɗakin bincike da kunyar gona. Yana kawo sabon irin wake ko gero, yana nuna yadda ake haɗa takin gida da na zamani, yana kuma komawa da koken manoma game da ƙuduji ko tsutsa. Malamin dabbobi kuwa, allurar da yake yi wa awaki da tumaki ba lafiyar dabba kaɗai take tsarewa ba. Idan annoba ta kashe garke, taki ya yanke, kuma gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu ba ta jure rashin taki.

Masu bincike

Akwai kuma masu awo da ƙidaya, waɗanda ba don su ba da sai dai a yi ta zato. Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilmin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano mai cunkoso tun shekarun 1960. A shekarun 1990 shi da abokan aikinsa sun zaɓi Tumbau a ƙasar Gezawa cikin ƙauyukan da suka bibiya. A can ne Frances Harris ta auna abincin shuka da ke shiga gona da wanda ke fita daga cikinta, ta nuna muhimmancin takin dabbobi da shuka wake da gyaɗa, har ma da ƙurar hunturu da ke sauka kan gonaki. Wani binciken kan itacen girki a Kano, wanda aka buga a 1990, ya gano cewa itatuwan gonakin kewayen birni ba su ragu yadda aka yi tsammani ba, duk da farin da aka sha. A yau hotunan tauraron ɗan'adam sun sauƙaƙa wannan aiki, kuma Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero tana horar da matasa a kansa.

Abin da ke gaba

Sakamakon waɗancan shekaru ba tabbaci ba ne na har abada. Birnin Kano yana ta miƙe ƙafa zuwa gabas, ana yanka gonaki ana mayar da su filayen gini. Gado yana ƙara tsaga gonaki, tsadar makamashi tana ƙara wa gawayi kasuwa. Babbar alamar haɗari ita ce gonar da ke cike da manyan itatuwa amma babu ƙanana a ƙarƙashinsu, domin ɗorawa tana ɗaukar shekaru da dama kafin ta fara 'ya'ya.

A nan ne makarantun sakandare ke da rawar takawa. Malamin kimiyyar noma ko na labarin ƙasa yana iya auna fili mai faɗin mita 100 da tsawon mita 100, wato hekta ɗaya, da izinin masu gonakin, ya sa ɗalibai su ƙidaya itatuwan ciki, su rubuta sunan kowanne, su auna kaurinsa, su ware manya da ƙanana. Idan aka maimaita haka kowace shekara aka adana littafin, makarantar za ta mallaki bayanin da zai amfani dagaci da malamin daji. Ɗalibin da aikin ya burge shi yana da wuraren ƙaro ilmi, kamar Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙasar Gezawa tana bukatar sababbin hannaye a kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka.