Ciwon zuciya a yankin Illela: Kwanciya ba ita ce magani ba

A garuruwan Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni da ke jihar Tawa, da zarar likita ya ce dattijo yana da ciwon zuciya, sai gida ya yanke hukunci: a shimfiɗa masa tabarma, kada ya sake ɗaga ko tsinke. 'Ya'yan da ke cirani a Abijan, Legas ko Libiya su ne kan gaba wajen wannan umarni. Suna aiko da kuɗin magani, suna bugo waya suna gargaɗin kada a bar Baba ya taka ko da zuwa kasuwa.

Niyyar mai kyau ce, amma likitocin zuciya sun daɗe da barin wannan ra'ayi. Mutumin da ya yi makonni a kwance naman jikinsa yana saki, ƙafafu su yi rauni, har ɗan aikin da bai taka kara ya karya ba ya riƙa sa shi haki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya, har da masu hawan jini, su samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mai ciwon zuciya ba daga nan zai fara ba. Bayan likita ya duba shi ya ba da izini, minti 5 zuwa 10 na tafiya a rana sun isa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan yana iya hira yana tafiya, bai wuce gona da iri ba.

A nan ne ake rikita motsa jiki da wahala. Ɗaga buhun albasa a Galmi, jan guga a rijiya mai zurfi ko daka gero da tsakar rana duk suna sa mutum ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri, jini ya hau lokaci guda. Takawa zuwa masallaci bayan asuba ko zagaya unguwa bayan magariba daban ne. Lokaci ma yana da muhimmanci, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma mai shan ƙwayar rage ruwan jiki yana saurin bushewa har jiri ya ɗebe shi.

Masu jego sai an fi taka-tsantsan da su. Raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta shi da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya a gado mai zafi, kuma a Sakkwato, maƙwabciyar Ƙonni, an samu kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu tana fama da shi. Macen da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya miƙe saboda sarƙewar numfashi, asibiti take buƙata, ba turmi da taɓarya ba. Sai magani ya kama jikinta kafin a yi zancen tafiya.

Ƙwararrun likitocin zuciya mafi yawansu suna Yamai, don haka cibiyar lafiya ta kusa, asibitin Galmi ko babban asibitin Tawa ne wuraren da ake iya auna jini a nemi shawara. Ɗan cirani da zai aiko da na'urar auna hawan jini, ya kuma samo ƙane ko jika mai raka Baba tafiya, ya fi wanda ya hana shi fita.

Ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya da ya rikice ko hakin da bai lafa ba bayan hutawa alamu ne na a tsaya nan take a nemi likita. Haka ma idan nauyin jiki ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, domin ruwa ne yake taruwa.