RUWA A CIKIN INJIN ISKA: TSATSA NA CI DAGA CIKI

A kasuwannin ƙauye na Maradi, Damagaram da Tawa, da wuya a rasa rumfar mai faci. Nan ake ba tayar amalanke iska, da ta keke, da ta moto. Manomi da makiyayi sukan zauna dab da injin suna jiran aikinsu. Injin nan yana da maƙiyi guda da ido ba ya gani. Maƙiyin nan ruwa ne.

INA RUWAN YAKE FITOWA?

Ba wanda ya zuba shi. Iska ce take zuwa da shi. Kowace iska tana ɗauke da laima, kuma iska mai zafi ta fi ɗauka. Idan zafi ya kai digiri 30, lita 1.000 ta iska tana iya ɗaukar giram 30 na ruwa, wato kamar cokali 2 na miya.

Injin yana jawo iska mai yawa, ya matse ta cikin tanki. Tanki mai lita 100, idan agogonsa ya nuna kilo 8, iskar da ke ciki ta kai lita 900 ta waje. Tana shiga da zafi. Da ta huce, sai laimar ta zama ruwa kamar raɓar asuba, ta kwanta a gindin tanki.

Abin ya fi yawa da damana, daga Yuni zuwa Satumba. Lokacin nan cikawa guda tana iya barin fiye da cokali guda na ruwa. Ranar kasuwa kuwa, injin ba ya hutawa. Da hunturu ruwan yana raguwa, amma ba ya ƙarewa.

ƁARNAR DA YAKE YI

Ruwa ya kwana kan ƙarfe, sai tsatsa. Tsatsar tana cin tanki daga ciki, alhali fentin waje yana ƙyalli. Ƙarfen yana ta sirancewa. Wata rana sai ya huje, ko ya fashe da ƙarfi ya raunata mutanen da ke kusa.

Ruwan kuma yakan bi tiyo ya shiga taya. Dattin tsatsa ya maƙale a bakin shan iskarta, taya ta dinga sacewa a hankali. Ga amalanke cike da hatsi, ga gari da nisa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A ƙarƙashin tanki akwai ɗan ƙaramin famfo. Don zubar da ruwa aka yi shi.

1. Kullum in an tashi daga aiki, a kashe injin.
2. A rage iska har agogo ya sauka ƙasa da kilo 1.
3. A buɗe famfon sannu sannu. A kau da fuska, a kori yara.
4. A karkata tankin har ruwan ya tsiyaye duka.
5. A rufe famfon kafin a sake tada injin.

A dubi ruwan da ya fito. Idan ja ne wur da ɓarɓashin ƙarfe, tsatsa ta yi nisa. A dubi man injin ma. Idan ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a sake shi. A aje injin a inuwa, bisa dakali, inda iska ke ratsawa.

Tankin da tsatsa ta huda ya gama aiki. Kada a kai shi wurin mai walda, domin ƙarfen gefen ramin shi ma ya ruɓe. Sai a sayi wani.

Manomi yana iya tambayar mai faci: "Malam, yau an zubar da ruwan tanki?" Tambayar ba raini ba ce. Rigakafi ya fi magani.