Waƙar Ɗan Kurkuku: Daga Johnny Cash Zuwa Gambu Na Fagada

Masu sauraron waƙoƙin Turawa a yankinmu na Jega, Aliero da Maiyama ba su da yawa, amma gardamarsu ba ta ƙarewa. Kashi biyu ne. Akwai 'yan rok, galibi ɗaliban jami'ar Aliero, waɗanda in jita ba ta yi kuka ba su a wurinsu ba a yi waƙa ba. Akwai kuma 'yan kantiri, masu gadon kaset ɗin Don Williams da Kenny Rogers daga iyaye da direbobin manyan motoci. Su magana suke bi, ko da Turancin nasu na laluben cikin duhu ne.

Ni ina ɓangare na biyu, kuma albam ɗaya nake kafa hujja da shi kullum: At Folsom Prison na Johnny Cash.

Ga yadda abin yake. Cash yana aikin sojan sama na Amurka a Jamus ya kalli wani fim na 1951 mai suna Inside the Walls of Folsom Prison. Fim ɗin ne ya sa ya rubuta Folsom Prison Blues, wadda ta fito a 1955. A cikinta wani fursuna ne ke magana da bakinsa. Ya kashe mutum ba gaira ba dalili, yanzu yana ɗaki a kulle yana jin ƙarar jirgin ƙasa na wucewa, yana tunanin mutanen da ke ciki suna tafiyarsu. Shi ke nan labarin. Cash bai taɓa zaman gidan yari na hukunci ba, iyakarsa kwana a hannun 'yan sanda, amma mutane da yawa har yau sun ɗauka tarihinsa yake bayarwa. Nan ƙarfin rubutun yake.

Ranar 13 ga Janairu 1968 ya shiga gidan yarin Folsom ɗin da ke Kalifoniya da makaɗansa, ya yi wasa sau biyu a gaban fursunoni, aka naɗa. Shi ya sa nake cewa kada a saurare shi waƙa ɗaya-ɗaya kamar yadda ake tura mana a memori a shagon caji. A ji shi daga farko zuwa ƙarshe. Za ka ji ihun mutanen, ka ji ana sanarwa ana kiran wani fursuna da lambarsa a tsakiyar wasa. Waƙar da ya rufe da ita, Greystone Chapel, wani ɗan gidan ne ya rubuta ta, Glen Sherley, yana zaune a cikin taron. Wanda ya kalli fim ɗin Walk the Line na 2005 ya ga yadda aka kwaikwayi wannan rana.

To a nan ne wani abokina ɗan Maiyama ya jefo maganar da ta rikita majalisa. Ya ce, "Wai mi kuka yabo ga Bature? Mu ma ai muna da namu." Gambu yake nufi, Alhaji Muhammadu Gambo na Fagada, mai waƙar ɓarayi. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Gambu ya ɗauki mutanen da kowa ke ɓoye sunansu ya maishe su taurarin waƙa, da dabarunsu, da tsoronsu, da yadda dare ke yi musu. Azancinsa ya kai har malaman jami'a sun yi nazari a kansa, ciki har da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza. Wanda ya ce bai taɓa yin dariya yana sauraron Gambu ba, ni dai ban yarda da shi ba.

Amma akwai bambanci, kuma dole a faɗe shi. Gambu zuga yake yi, a tsarin makaɗanmu na maza, irin yadda Ɗan Anace ke zuga 'yan dambe. Ɓarawon cikin waƙarsa gwani ne. Na cikin waƙar Cash kuwa an riga an kama shi, abin da ya rage masa nadama da ƙarar jirgi. Haka ma Merle Haggard, wanda shi da gaske ya yi zaman gidan yarin San Quentin, kuma yana cikin fursunonin da suka kalli wasan Cash a can kafin ya zama mawaƙi. Waƙarsa Mama Tried ta 1968 ɗa ne ke wanke mahaifiyarsa, yana cewa ta yi iya ƙoƙarinta, laifin nasa ne. Uwar da ɗanta ke tsare a Birnin Kebbi, in aka fassara mata wannan, za ta gane ta sarai. Wanda aka fasa wa rumbun albasa a Aliero kuwa, ka kunna masa Gambu ka ga idonsa.

'Yan rok suna da tasu amsar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ba sai ka ji harshe ba kafin waƙa ta taɓa ka. Misalinsu Mdou Moctar, Buzun Nijar ɗin nan mai kaɗa jita da hagu. Albam ɗinsa na farko, Anar, a Sakkwato nan kusa da mu aka naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta na waƙoƙin finafinan Hausa, ya kuma yaɗu ne daga waya zuwa waya. Yau ga shi da Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, yana cika zauruka a Turai da Amurka da Buzanci. Na yarda jitarsa na tayar da tsigar jiki. Sai dai shi ma in ka nemi fassarar, zancen mulkin mallakar Faransa da halin da Afirka ke ciki za ka tarar. Wato rubutun na nan ƙarƙashin ƙarar.

Abu ɗaya da kantiri ya fi mu, su suna rubuta sunan marubucin waƙa a jikin albam. The Gambler da Kenny Rogers ya yi suna da ita a 1978, Don Schlitz ne ya rubuta, kuma kowa ya sani. I Will Always Love You da ake cewa ta Whitney Houston ce, Dolly Parton ce ta rubuta ta kuma fara rera ta, ta fito a 1974. Mu kuwa sau da yawa a ɗora waƙar fim a YouTube da hoton jarumi da jaruma, wani lokaci ko sunan mai rerawar sai ka sha nema, balle yaron da ya kwana yana jera baitocin a situdiyo.

Mako mai zuwa zan kawo jerin waƙoƙin Don Williams da wanda ya rubuta kowacce. 'Yan Jega da suka rantse duk shi ya rubuta abinsa, ku shirya.