Matankari: tsohuwar mota, sabon gaz

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dogon Dutsi zuwa Matankari da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, ya san cewa kilim ɗin mota ya wuce kayan alatu, musamman idan majinyaci ko tsoho aka ɗauko. Sai dai da yawa daga motocin da suka daɗe suna yi wa Arewa hidima, irin su Peugeot 504 da 505 da Mercedes 190, an ƙera su ne domin wani gaz da duniya ta riga ta yi wa bankwana.

Wannan gaz shi ne R12, wanda masu gyaran firigo ke kira firewon. Masana sun gano cewa yana cinye rigar ozon da ke kare bil Adama daga mugun hasken rana mai haddasa kansar fata da yanar ido. Saboda haka aka ƙulla yarjejeniyar Montireyal a ƙasar Kanada ranar 16 ga Satumba 1987, Nijar kuma ta shiga cikinta a 1992. Ƙasashe masu arziki sun daina sarrafa shi tun 1996, masu tasowa kuwa wa'adinsu ya cika a 2010. Kamfanonin mota sun koma ga R134a tsakanin 1992 da 1995.

To, mene ne abin yi ga mai tsohuwar mota? Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗura sabon gaz bisa ragowar tsohon. R12 yana aiki da mai irin na ma'adini, shi kuwa R134a ba ya gauraya da wannan mai. Idan aka haɗa su, mai ba ya komawa cikin kwamfuresa, sai ta bushe, ta ƙone. Mai mota ya guji kashe kuɗi kaɗan, ya faɗa wa babbar asara. Dama Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Aiki na ƙwarai yana da tsari. Da farko a zuƙe tsohon gaz cikin tulu, kada a sake shi cikin iska. Sannan a zubar da tsohon mai, a wanke bututai, a sa mai irin PAG ko esta. A sauya kwalbar da ke tsotse laima, a sauya zobban roba da baƙin ɗurawa, domin na sabon gaz daban ne. Bayan nan a ja iska da famfo kamar rabin awa, a tabbatar babu yoyo. Wajen ɗurawa kuwa, kashi 80 zuwa 90 bisa ɗari na nauyin da aka rubuta wa R12 ya wadatar, tun da sabon gaz ya fi matsi. A ƙasa mai zafi da ƙura kamar Arewa, wajibi ne a wanke kwandansa, a duba fankarta, in ba haka ba sanyi zai ragu duk lokacin da mota ta tsaya. Daga ƙarshe a manna takarda mai nuna irin gaz ɗin da aka sa, domin makaniki na gaba.

Akwai kuma haɗarin jabu. A 2011, gaz na ƙarya mai ɗauke da sinadarin R40 ya fashe cikin kwantenonin sanyi a Biyetnam da Birazil, ya hallaka ma'aikata uku. Haka ma gaz ɗin girki: yana sanyaya mota, amma wuta yake jira.

Shi kansa R134a kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ba ya taɓa ozon, amma ya ninka hayaƙin kabon sau 1430 wajen ɗumama duniya. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya tanadi rage shi sannu a hankali, sababbin motocin Turai kuma sun bar shi tun 2017, galibi sun koma ga R1234yf. Ke nan makanikin Matankari zai riƙa karɓar motoci masu gaz iri uku a garaji guda. Kafin ya ɗora maɓalli, ya wajaba ya buɗe bonet ya karanta abin da aka rubuta; mai mota kuma ya tsaya ya ga tulun da za a ɗura masa.