Tsofaffin zane-zanen tafiyar La Pérouse: yadda Turai ta ga tsibiran Fasifik

Kafin a gabatar da fasahar ɗaukar hoto a Faransa a shekarar 1839, jirgin ruwan da aka aika binciken duniya yakan tafi da mai zane. Aikinsa shi ne ya zana mutane da tsirrai da dabbobi da gaɓar teku, domin waɗanda suka zauna a gida su gani.

Tafiyar La Pérouse misali ce mai kyau. A watan Agusta na 1785, bisa umarnin sarki Louis na 16, ya tashi daga tashar Brest da jirage biyu, Boussole da Astrolabe. Cikin ayarinsa akwai mai zane Gaspard Duché de Vancy. A 1788 jiragen biyu suka farfashe a tsibirin Vanikoro, babu wanda ya koma gida daga cikin waɗanda ke ciki.

To, ta yaya zanen ya tsira? La Pérouse ya riƙa aika takardunsa gida daga tashoshin da ya tsaya. A 1787, a Kamcatka da ke gabashin Rasha, ya sauke wani matashi, Barthélemy de Lesseps, ya danƙa masa rahotanni da zane-zane. Matashin ya shafe kusan shekara yana ratsa Saberiya kafin ya isa Faransa a 1788. Kashin ƙarshe kuma an tura shi daga Ostireliya ta hannun jiragen Ingila. Da waɗannan takardu aka buga littafin tafiyar a Paris a 1797, tare da kundin taswirori da hotuna.

Ga yadda ake aikin. Masassaƙi kan kwafi zanen a kan farantin jan ƙarfe, yana karta layuka da wani ƙarfe mai tsini, kuma a juye, dama ta koma hagu. Sai a shafa tawada ta shige cikin layukan, a goge saman farantin, a ɗora takarda mai ɗanshi, a matse da injin bugu. Ƙarfin matsin kan bar shaidar gefen farantin a jikin takarda, kuma masana na duba wannan alama wajen tantance tsohon bugu. Idan ana son launi, da hannu ake sa shi, takarda bayan takarda.

Sai dai akwai abin lura. Masassaƙan Paris ba su taɓa taka waɗannan tsibirai ba, don haka sukan gyara fuska da tsayuwar mutane su dace da abin da idon Bature ya saba gani. A shahararren hoton tsibirin Ista, inda ayarin ya sauka a Afrilun 1786, mazauna wurin da manyan gumakansu na dutse sun fito da kamannin Turawa, an kuma nuna wani yana ƙoƙarin zare wa baƙo hula. Mai karatu a Faransa da wannan hoto ya san su, alhali ba a tambaye su yadda suke ganin kansu ba.

Ƙasarmu ma ta ga irin wannan. Heinrich Barth ya shiga Agadas a 1850, ya zauna a Damagaram a ƙarshen 1852. Hotunan littafinsa wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, ya kammala su daga ƴan zane-zanen da Barth ya kawo, kodayake nasa bugun a kan dutse aka yi.

A yau ana iya kallon hotunan tafiyar La Pérouse kyauta a Gallica, taskar intanet ta babban ɗakin karatun Faransa. Ɗalibin tarihi da ya buɗe su, ya dace ya fara da tambayoyi uku: wa ya zana a wurin, wa ya sassaƙa a Paris, kuma don wa aka buga?